Jini a fitsari ba duka ne tsargiya ba: yadda Gwaggo ta yi arba'in a ɗakin iska

A ƙauyenmu, cikin ƙasar Auyo inda ruwan kogin Haɗeja ke ratsa gonakin shinkafa, ba a ɗaukar jini a fitsari da zafi. Yaron da ya tashi yana wanka a kanal yana kamun kifi, da wuya ya kai shekara 12 bai ga ja a ƙarshen fitsarinsa ba. Tsargiya ce, kowa ya san ta, har akwai tsofaffin da ke cewa alamar girma ce. Ni ma da na shekara 11 ina aiki a ƙaramin asibitin garin, idona ya saba da ita. Sabo kuwa turken wawa ne, shi ya sa na yi wata bakwai ina yi wa ƙanwar mahaifina maganin cutar da ba ta da ita. Da izininta nake wannan rubutu, bisa sharaɗin ba zan kama sunanta ba, don haka Gwaggo zan riƙa cewa kamar yadda nake kiranta a gida.

Gwaggo ta ba hamsin baya, haihuwa tara, bakwai a raye, mijinta ya daɗe da rasuwa. Turara shinkafa take yi tana sayarwa. Kimanin shekara ɗaya da rabi kafin ambaliyar 2022 aka yi mata maganin sankarar bakin mahaifa a wani asibitin koyarwa: gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, sau 25 cikin mako biyar, da allurar kimo mai kashe ƙwayoyin sankara sau ɗaya kowane mako, sannan gashin ciki, wanda ake shigar da sinadarin kusa da ciwon. Ta sha wuya, ta rame, ta yi gudawa, amma ta tashi. Aka sallame ta, ta koma kan tukunyarta, muka yi godiya ga Allah muka rufe babin. Da ruwa ya ci garin a 2022, cikin abin da ya tafi da shi har da ledar takardunta ta asibiti da ke ƙarƙashin katifa. Babu wanda ya yi kukanta, buhunan shinkafa ake ta lissafi.

Da daminar da ta biyo baya, wata ranar da yamma ta aiko a kira ni. Sai da ta kori jikoki daga ɗakin sannan ta ce, "'Yar nan, abin yaran nan ne ya kama ni da tsufana." Na yi dariya, na kawo mata maganin tsargiya washegari. Ban auna fitsarin ba. Bayan kwana huɗu jinin ya ɗauke, na ce ai kin gani. Da ya dawo bayan wata guda na sake ba ta, na haɗa mata da maganin sanyin mara. Tsakanin nan an yi jiƙe-jiƙe, an sha rubutu, mai kemis ma ya ba da tasa gudummawar.

Yanzu idan na waiwaya, abubuwa uku ta faɗa mini da bakinta, kunnena ya ji, hankalina bai ɗauka ba. Jinin tsargiya yawanci a ƙarshen fitsari yake ɗigowa, nata kuwa tun daga farko har ƙarshe ja ne. Ta ce wani lokaci gudaji ke fita kamar an yanka hanta. Ta ce da dare takan tashi sau goma, fitsarin kuma bai cika cokali biyu ba, ga raɗaɗi. Sannan mace ce da ta yi shekaru rabonta da sa ƙafa a ruwan kanal, da ruwan rijiya take aikinta. Gwajin kuma ba wani abu ba ne: a karɓi fitsarin tsakar rana a duba ƙwan tsutsar a madubin likita. Kunya ta shiga tsakaninmu, ita ba ta son faɗa, ni ba na son tonawa.

Wani dare cikin sanyi fitsarin ya tsaya cak. Gudan jini ya toshe hanya, mararta ta kumbura kamar an kifa ƙwarya, tana ta juyi tana salati. Muka ɗauki shatar mota zuwa Haɗeja. Aka sa mata robar fitsari mai baki uku, ruwa na shiga ta ɗaya yana wanko gudajin ta ɗaya, aka kwana ana yi. Idonta ya yi fari fat, sai da aka ƙara mata jini leda uku, 'ya'yanta maza suka bayar. Da safe wani matashin likita ya duba ta, ya ga ɗan ɗigon tambari a fatar mararta, irin wanda ake yi don saita na'ura. Ya juyo ya tambaye ni, "Hajiya, an taɓa yi mata gashi ne?" Na ce an yi, amma ai shekara uku ke nan. Ya ce shekara ukun ce ma ta sa ya tambaya.

Abin da aka gani a Kano

Aka tura mu Kano wajen likitan mafitsara. Kafin a ɗora laifi a kan gashi dole a kawar da sauran waɗanda ake zargi, kuma a wajenmu suna da yawa. Ko sankarar ce ta dawo ta ci bangon mafitsara. Ko sabuwar sankara ce ta mafitsarar kanta, wadda tsohuwar tsargiya ke iya jawowa. Ko tsakuwa, ko ƙwayoyin cuta, ko ɓula tsakanin mafitsara da gaba, irin yoyon fitsarin da ake kai mata Jahun saboda shi. Aka auna fitsari, babu ƙwan tsargiya. Aka yi hoto, ƙodoji lafiya, babu alamar ciwon ya dawo. Sannan aka leƙa cikin mafitsarar da siririyar kyamara, aka gutsuro ɗan nama aka kai gwaji.

Likitan ya nuna mini hoton. Bangon mafitsara mai lafiya launinsa kamar cikin kunci ne. Na Gwaggo ya koɗe ya yi fari, sai wasu siraran jijiyoyi ja sun yi cirko-cirko a kansa kamar saiwar albasa, wasu na tsattsafo da jini ruwa na taɓa su kawai. Naman da aka gwada babu sankara. Gashin ne.

Abin da ya kamata a ce na sani tun farko shi ne illar gashi iri biyu ce. Akwai ta nan take, ƙunar fata da gudawa da raɗaɗin fitsari, wadda ke wucewa bayan 'yan makonni. Akwai kuma ta ɓoye, mai zuwa bayan wata shida, ko shekara biyu, ko ma goma zuwa ashirin. Hasken da ke kashe sankara yana taɓa ƙananan hanyoyin jinin da ke maƙwabtaka da ita. Bangonsu ya riƙa kauri a hankali, ramin yana tsukewa, har su toshe. Duk wanda ya ga yadda kacalla ta cinye hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja ya ga misalin: babban kogi na nan cike, amma gonar da ke ƙarshen layi ta bushe. Naman da jini bai isa gare shi ba yakan taurare ya zama tabo, mafitsara ta ƙanƙance ta daina buɗewa, shi ya sa ake yawan fitsari. Jiki yakan yi ƙoƙarin fidda sababbin jijiyoyi, amma raunana ne, suna fashewa da ƙaramin dalili. Wani likitan tiyatar baki a Amurka, Robert Marx, shi ya siffanta irin wannan nama a 1983 da abu uku: ƙarancin iskar oksijin, ƙarancin hanyoyin jini, ƙarancin ƙwayoyin halitta masu rai. Ba kowa abin ke samu ba. Cikin mutum 100 da aka gasa wa ƙugu, ana kiyasta biyar zuwa goma ne mafitsararsu ke shiga irin wannan hali. Kuma ba lallai sai an yi kuskure wajen gashin ba. Gashin nan shi ya zama sanadin da Gwaggo ke raye, ban yarda a zage shi a gabana ba.

A zaman leƙen nan likita ya ƙone bakin jijiyoyin da ke zubar da jini. Muka samu wata biyu lafiya, sai ya dawo. Aka wanke mafitsarar da ruwan alam, ɗan'uwan wanda muke jefawa a randa ruwa ya kwanta, ya tsaya ya sake dawowa. Kafin kaka ta yi an ƙara mata jini leda bakwai jimilla. Abin da ya rage a hannun likita masu nauyi ne: a zuba sinadarin fomalin ya ƙone bangon baki ɗaya, da haɗarin mafitsarar ta ƙara tsukewa ko ƙoda ta taɓu, a toshe jijiyar da ke kai mata jini, ko a karkatar da fitsarin ya riƙa fita ta ciki zuwa leda. Da Gwaggo ta ji na ƙarshen ta ce a mayar da ita gida. A nan ne ya ce akwai wata hanya, wadda ba tsayar da jini kawai take nufi ba, gyaran naman take nema, sai dai shi ba shi da na'urar.

Iskar da ake saye

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Jajayen ƙwayoyin jini ke dakonta, kuma a mai lafiya sun riga sun cika maƙil, ko an ƙara masa ba inda za su sa. To amma idan aka rufe mutum a ɗaki na ƙarfe aka ƙara matsin iska, aka ba shi tsantsar oksijin, sai ta narke cikin ruwan jinin kansa, kamar yadda gas ke narkewa a lemon kwalba muddin murfi na rufe. A matsin da ake amfani da shi, ninki biyu zuwa biyu da rabi na wanda muke ciki, abin da ke narkewa ya haura ninki goma na yau da kullum, kuma ruwan jini na kutsawa lungun da jajayen ƙwayoyi ba sa kaiwa. Tun wajen 1960 wani likita a Amstadam, Ite Boerema, ya nuna aladen da aka zuƙe wa jajayen ƙwayoyin jini kusan kaf suna rayuwa a irin wannan ɗaki. Amfanin ga wanda gashi ya taɓa ba a zama ɗaya yake ba. Maimaitawar ce, kullum a ɗaga oksijin a sauke, ke zaburar da nama ya fara fidda sababbin hanyoyin jini masu ƙwari. Shi ya sa ake zama 30 zuwa 40, kwana biyar a mako.

Muka shiga cigiya. A wani babban gari aka kai ɗanta wani wuri mai kyan gani, aka nuna masa wata doguwar jaka mai zif da ake hurawa mutum ya kwanta ciki, aka ce tana maganin shanyewar jiki da suga da tsufa. Ya turo mini hoto yana murna. Irin wannan jaka matsinta bai wuce ninki 1.3 na wanda muke ciki ba, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita ne don masu hawan duwatsu da tsawo ya buga. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa. A ƙarshe wani yaron garinmu da ke karatu a Azhar ya samo mana asibiti a Alƙahira mai ɗakin gaske.

Kafin taron dangi na zauna na karanta abin da zan iya, don na san Baffa zai tambaye ni. Hujja mafi ƙarfi a kan mafitsara ita ce binciken da aka fitar a 2019 daga ƙasashen Suwidin da Nowe da Denmak da Finlan, mutum 87 aka raba gida biyu, waɗanda suka shiga ɗakin suka fi samun sauƙin fitsari a fili. Amma kowa a cikinsu ya san ko an yi masa ko ba a yi ba, kuma ba a sa masu zubar jini mai tsanani irin na Gwaggo ba. A kan sauran sassan jiki maganar ta fi rauni. Wani bincike na 2008 ya ga amfani ga dubura da gashi ya taɓa, wani na Ingila a 2016 bai ga bambanci ba. Tsarin Marx na zama 20 kafin cire haƙori da 10 bayansa ya yi shekaru ana binsa don kare ƙashin muƙamuƙi, sai binciken Ingila na 2019 ya nuna da shi da babu kusan ɗaya ne. Fargabar da ta fi damuna, ko oksijin zai tayar da sankarar da ta kwanta, nazarce-nazarcen da aka tattara ba su nuna haka ba. Akwai kuma abin da na karanta na ajiye wayar na yi shiru: wani nazari na mutum 60 a Amurka a 2005 ya ga waɗanda aka fara wa cikin wata shida da soma zubar jinin sun fi dacewa. Wata shidan Gwaggo ni na cinye su da maganin tsargiya.

A zauren Baffa aka zauna bayan isha'i. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yanzu ke da iliminki, iskar da Allah Ya ba mu kyauta ita za mu sayar da shanu mu je Masar mu saya?" Na ce ita ce, Baffa. Ya ce za ta warke? Na ce ban yi alkawari ba, abin da na sani shi ne da yawa jinin na tsayawa, wasu yana dawowa, wasu ba ya yi musu komai. Ya juya ga babban ɗanta ya ce uwarka ce, kai za ka yanke. Kafin gari ya waye labari ya zaga cewa za a kai Gwaggo Masar maganin iska, har wata tsohuwa ta zo ta ce me ya yi zafi, ga mai girka nan a ƙauyen gaba.

Shanun huɗa biyu suka tafi kasuwar Gujungu. Riɗin shekarar duka ya tafi. Gonar fadama aka ba da jingina, dangi suka yi karo-karo. Abin da ya ba ni mamaki da muka baje lissafi, kuɗin ɗakin iskar bai kai rabi ba. Fasfo, biza, jirgi daga Kano, hayar ɗaki da abincin mutum biyu na wata biyu, su suka cinye sauran, ga naira ta faɗi. Sai kuma takardun da ruwa ya ci. Asibitin can ya ce sai ya ga adadin gashin da aka yi da sunan kimon da aka ba ta, domin akwai wanda ba ya shiri da oksijin mai yawa, kamar biliyomaisin da ke taɓa huhu. Sai da ɗanta ya yi zarya uku kafin a tono fayil ɗinta. Nata sisfilatin ne, kuma an daɗe da gamawa, babu matsala.

Cikin ɗakin

Ni na raka ta. Muka sauka a Hayyul Ashir, unguwar da ɗaliban ƙasarmu suka yi yawa, hawa na uku babu na'urar hawa. Kwana biyun farko gwaji ne. Hoton ƙirji shi ne kan gaba, don wanda iska ta taru tsakanin huhunsa da haƙarƙari ba a sa shi a ɗakin sam sai an cire. Aka duba kunne, ido, zuciya, suga.

Ɗakin kamar tankar mai ce a kwance, fara, da ƙofa mai kauri da tagogi zagayayyu kamar faranti. Kujeru na fuskantar juna, ma'aikaciyar jinya na shiga tare da su. A bakin ƙofa wata ma'aikaciya ta tare Gwaggo. Hijabinta na roba ne, a cire, ga na auduga. Man kitso, a wanke. Humrar da ba ta rabo da ita tun tana amarya, a bari a gida. Ɗan carbin nan na yatsa mai batir, shi ma aka karɓe. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ko harami ne sai haka." Dalilin wuta ne: inda oksijin ya yi yawa, maiƙo da ɗan tartsatsi sun isa. Ba mu jima da dawowa ba na ji labarin yaro ɗan shekara biyar da ya rasu a jihar Mishigan ta Amurka a Janairun 2025, ɗakin ya kama da wuta yana ciki. Tun daga nan na daina ganin matar bakin ƙofar nan a matsayin mai tsanani.

Ana rufe ƙofa sai a ji huci, ɗakin ya ɗau zafi, minti goma zuwa sha biyar ana ƙara matsi har ya kai ninki 2.4 na wanda muke ciki. Daidai yake da a ce mutum ya nutse mita 14 a ruwa, rijiya kusan gaba takwas. A nan kunne ke shan wuya. Ranar farko ina leƙe ta taga na ga ta dafe kunnen hagu ta runtse ido, aka tsayar, aka fito da ita. Ta ce kamar ana soka mata tsinke. Da daddare muka zauna a kan katifa ina koya mata: toshe hanci, rufe baki, hura a hankali har ki ji ɗas. Ba ta iya ba. Abin da ya yi mata shi ne kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan tana haɗiya, da maganin ɗigawa a hanci kafin shiga. Wanda ya kasa gaba ɗaya sai a huda masa dodon kunne a sa ɗan bututu, Allah Ya tsare ta daga wannan.

Idan matsi ya daidaita sai a kifa wa kowa wata hula ta roba garai-garai har wuya, oksijin na shiga ciki. Minti 90, ana cire hular na minti biyar a tsakani su shaƙi iskar ɗakin, don oksijin idan ya yi yawa babu hutu yana iya jawo farfaɗiya, ko da yake ba kasafai ba. Gwaggo na zaune tana jan tasbihi da gaɓoɓin yatsu, kusa da wani tsoho Bamisire mai gyambon suga a ƙafa. Babu mai jin yaren wani, amma kullum sai sun gaisa. Wajen sauke matsi ɗakin yakan yi sanyi har hazo ya tashi, ana ta gargaɗin kada kowa ya riƙe numfashi. Duka-duka awa biyu. Sauran awa 22 kuwa zaman ɗaki ne a ƙasar da ba taka ba, cikin hunturu, babu tuwo sai wanda muka tuƙa da garin da muka zo da shi.

Mako biyun farko babu abin da ya canza, fitsarin kamar zoɓo. Ina rubutawa kullum a littafi: launi, gudaji, sau nawa ta tashi da dare. A zama na 18 ya koma kamar shayi. A na 22 ya washe. Na dawo daga sayen burodi na tarar ta ɗaure kayanta. Ta ce ta warke, kowane kwana a nan buhun shinkafa ne, marayu na gida, a canza mana tikiti. Na kawo mata bayanin jijiyoyi, ko kallona ba ta yi ba. Sai na ce, "Gwaggo, lokacin haihuwata ta fari, da na ce na ji ƙarfi a kwana ashirin da biyar zan bar wanka, me kika ce mini?" Ta yi shiru, can ta ce, "Cewa na yi ɗanyen jiki ba ya faɗa sai ya kayar da mutum." Ta kwance ɗaurin tana mita, wai ga ta za ta yi arba'in babu jariri. A zama na 27 jinin ya ɗan dawo bayan ta hau benen nan da galan ɗin ruwa. Wannan ya fi maganata aiki, ba ta sake ta da zancen tafiya ba.

Wajen zama na 30 ta zura zare a allura babu tabarau, abin da ta shekara goma ba ta yi ba, ta ce ashe har ido suke gyarawa. Amma a titi ba ta gane lambar mota sai ta zo daf. Oksijin ne ke sauya ƙwayar ido na ɗan lokaci, na kusa ya fito, na nesa ya dushe. Wata biyu da komawarmu idon ya koma yadda yake, ta nemi tabaranta. Mura ta hana ta shiga kwana uku, don da toshewar hanci kunne ba ya buɗewa. Mako takwas ya zama tara kafin arba'in ta cika.

Bayan dawowa

Yau wata 14 ke nan. Ba a sake ƙara mata jini ba, ba a sake sa mata roba ba. Sau biyu ta ga ja kaɗan, ɗaya da ƙwayoyin cuta ne, aka auna aka ba da magani ya wuce, ɗayan ya tsaya da kansa a kwana biyu. Tashin dare ya sauko daga goma zuwa uku ko huɗu. Da aka sake leƙawa a Kano, jijiyoyin nan masu kama da saiwar albasa sun ragu sosai, amma wani sashe na bangon na nan fari. Mafitsarar ba ta koma girmanta ba, kuma likita bai sa mana ran za ta koma ba. Har yanzu ba ta doguwar tafiya sai ta san inda za a tsaya, kuma liman ya yi mata bayanin sauƙin da addini ya yi wa mai larura a kan alwala. Ta koma turara shinkafa, rabin abin da take yi da.

Ko ɗakin ne ya yi aikin? Zuciyata ta fi karkata ga eh, amma ba zan rantse ba. Mutum ɗaya ce. Wata guda kafin tafiyarmu an sake ƙone mata jijiyoyin, kuma ciwon da ma mai tafiya ne ya dawo. Abin da ke rinjayata shi ne a baya kowane sauƙi wata biyu yake yi, wannan ya haura shekara, kuma hoton cikin ya canza. Idan wani ya tambaye ni ko ya sayar da gonarsa, sai na tambaye shi an leƙa mafitsarar, an tabbatar ba sankara ba ce, an gwada na kusa sun gaza, kuma kuɗinsa zai kai shi har zama na ƙarshe da haya da abinci. Wanda zai yi 15 ya dawo, gara ya ajiye kuɗin don jini da zirga-zirgar Kano. Mafi yawan matan da nake gani ko shanun sayarwar ba su da su, kuma ba ni da amsar da zan ba su da ta wuce wankin mafitsara da ƙarin jini.

Abin da ke hannuna kaɗan ne, shi nake yi. Babba ya zo da jini a fitsari, namiji ko mace, ba na miƙa maganin tsargiya sai an auna, kuma sai na tambaya ko an taɓa yi masa gashi, ko da shekara goma ne. Na buɗe littafi na waɗanda suka dawo daga gashi a garuruwan da ke ƙarƙashinmu, yanzu mutum shida, na ɗauki hoton takardun kowannensu a waya na tura wa wani nasu. Da aka zo rigakafin sankarar bakin mahaifa na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, wanda aka fara a ƙarshen 2023 har da Jigawa, Gwaggo da kanta ta tasa jikokinta uku a gaba, ta kawo har da na maƙwabta.

Bana da shanun haya aka yi mata huɗa. Gonar fadama na hannun mai jingina, ya ce zai jira har a yanke alkama. Ita kuma tana da ganin likita a Kano bayan Sallah, takardun na cikin gwangwanin madara a saman kabad.